Wanzamin Soorangudi da mai askina a Chennai

Ɗan Indiyancin da Bahaushe ya tsinta a fina-finai ba ya saya masa ko ruwan sha a Chennai. Nan Tamil ake yi, kuma mutanen suna da kishin harshensu ƙwarai. Karatu ne ya kawo ni a farkon 2021, korona ba ta gama sakin duniya ba. Na tarar da zafi mai ɗanko, kana fitowa daga wanka gumi na karyo maka. Abinci kuwa shinkafa ce safe da rana da dare, in ba dafaffiya ba to an niƙa ta an yi idli ko dosa, a haɗa da miyar sambar mai tsami. Adaidaita sahu kaɗai na gani na ji kamar ina gida, tunda daga ƙasar nan ake kai mana shi.

Waɗannan duk jiki yana sabawa. Abin da ya fi wuya shi ne abin da ba a faɗa wa baƙo: wa ke sama, wa ke ƙasa, gidan wa ake cin abinci, me ya sa mai gidan haya zai fara tambayarka ko kana cin nama. Ka tambaya a yi murmushi a ce wannan tsohon zance ne.

Fim ne ya buɗe mini wannan ƙofa. Ranar 4 ga Afrilu, saura kwana biyu zaɓen jihar Tamil Nadu, tashar talabijin ta Star Vijay ta nuna wani fim mai suna Mandela, washegari ya hau Netflix. Da abokan zamana na kalla, ɗaya yana fassara mini abin da rubutun ƙasan allo ya kasa ɗauka. Labarin wani mai aski ne a ƙauyen Soorangudi, shagonsa gindin bishiya, ba shi da katin shaida, ba wanda ma ya san sunansa na yanka. Ta ƙofar baya yake shiga gidaje, a sa shi kowane aikin ƙazanta, kuɗin askin ma sai an ga dama. Ma'aikaciyar gidan waya ce ta raɗa masa Nelson Mandela don ya samu ya buɗe asusu, daga nan ya samu katin zaɓe. Ƙauyen ya rabu gida biyu, 'yan arewa da 'yan kudu, 'ya'yan shugaban ƙauyen biyu, uwa daban-daban, suna takarar kujerar ubansu. Da aka yi lissafi sai ƙuri'u suka zo kunnen doki, ta mai askin ce za ta raba gardama. Nan take mutumin da ba a gaisawa da shi ya zama abin lallashi.

Masu sharhin fina-finai sun yaba sosai. Abin da suka fi nanatawa shi ne Yogi Babu, jarumin da ya fito a mai askin, wanda aka saba sa shi a fim don a yi dariyar surarsa, a nan ya riƙe labari tun daga farko har ƙarshe ba tare da hayaniya ba. Sun kuma jinjina wa darakta Madonne Ashwin, da yake fim ɗinsa na farko ne, kan yadda ya sa mutane dariya alhali maganar wariyar asali da sayen ƙuri'a yake yi. A 2022 gwamnatin Indiya ta ba shi kyaututtukan ƙasa biyu, ta sabon darakta da ta rubutun zance. A 2023 aka sake yin labarin da harshen Telugu. A ɗakinmu dai gardama aka yi: wani ya ce ƙarshen ya yi daɗi fiye da kima, ƙauyen da ya san shi ba ya shiryuwa cikin mako guda. Ina ganin yana da gaskiya, amma hakan bai rage wa fim ɗin nauyi a wurina ba.

Sai dai akwai sharhin da ba na jarida ba. Ƙungiyar masu aski ta jihar ta kai ƙara Babbar Kotun Madras da ke Chennai, ta ce fim ɗin ya ci mutuncin sana'arsu, musamman inda aka sa mai askin wanke ban-ɗaki. Na ji zafin wannan daga bakin dattijon da ke mini aski a layinmu, wanda ba ya buɗe shago ranar Talata, kamar yawancin abokan sana'arsa. Da ɗan Turancinsa da ɗan Tamil ɗina muke fahimtar juna. Na ce, “Anna (wato yaya), ka ga Mandela?” Ya tsayar da almakashi, ya kalle ni ta madubi, ya ce, “Thambi (wato ƙane), su sun kalla sun yi dariya sun kwanta. Jikana ne zai je makaranta gobe.”

Ni jikan wanzami ne. Na tashi ina ganin kakana da zabirarsa, a kira shi askin suna, a kira shi kaciya da ƙaho, a tashi a ba shi tabarma. Amma na san gidajen da in maganar aure ta taso, sai an tono sana'ar kakanni. Don haka ban iya ɗaukar maganar dattijon da wasa ba. Fim ɗin yana bayan mai askin ɗari bisa ɗari, wannan ba shakka. To amma wanda aka nuna ciwonsa a bainar jama'a yana da haƙƙin ya ce ba haka yake so a nuna ba, kuma a sharhunan da na karanta, yabon ya fi sauraron wannan koke yawa nesa ba kusa ba.

Tun daga lokacin nake lura da wanda ke shara a layi, da wanda ake miƙa wa ruwa a kofi na daban. Dattijon har yau ya ƙi kallon fim ɗin. Ɗansa injiniya ne, kuma ya faɗa mini tun yaron yana ƙarami bai taɓa barinsa ya riƙe almakashi ba.