Shinkafar gumi ta ƙi tuwo, amma awo ya sauka

'Yan uwa masu awon suga a gida, yau kwana biyar a jere awon awa biyu bayan abincin dare bai haura 140 ba, kuma shinkafa ake ci. Alhamdu lillahi!

Ga mai awon safe kafin cin abinci tsakanin 100 da 125, wanda ciwon suga bai kama ba tukuna, gumi ya fi farar shinkafar tuwo. Jiƙa shanshera da ruwan zafi da turara ta kan sa ƙwayar ta yi tauri, sai ta riƙa narkewa a hankali cikin ciki. Gumin matan Argungu da Suru ya wadatar, musamman wanda inji bai goge shi fes ba, mai ɗan ja-ja.

Tuwo ne ya ci mini rai. Gumi ba ya kamuwa. An ƙara ruwa, an ƙara wuta, an tuƙa har hannu ya gaji, malmala na wargajewa. Da aka jiƙa shinkafar ta kwana aka dafa ta luguf, tuwo ya kamu, awo kuma ya koma kusa da na farar shinkafa. Ashe taurin da ke hana ta danƙo shi ne amfanin nata, in muciya ta murƙushe shi an koma gidan jiya. Masu barbaɗa garin rogo don ya kamu, ku daina, sitaci ne a kan sitaci. Gwangwani ɗaya mai tsinken awo 50 ya tafi a wannan gwaji, kuma kun san kuɗinsa yanzu.

Abin da ya yi aiki garau-garau ne. Gwangwanin madara ɗaya na gumi, ɗaya na wake, a fara sa waken, a sauke shinkafar tana warara. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa na ɗauke da sitaci wajen giram 45, don haka gumi ma in an cika faranti sai awo ya harba. A fara da kwaɗon zogale ko kifi kafin a kai loma.

Shinkafar da ta kwana a firij aka ɗumama tana ɗan rage hawan, kaɗan ne dai. In wuta ba ta tsaya ba kada a gwada, shinkafar da ta kwana a zafin Birnin Kebbi ɓata ciki take yi.

Saura gwajin masa, wato waina, da safe. Wanda ya gwada haɗa ƙullunta da gero ya faɗa mana awonsa.