Wasiƙa daga Wales: ƙauyen da ke cin abinci da kabarin kare

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya hidimomi. Mu nan arewacin Wales sai godiyar Allah, ruwan sama ne dai ba ya ɗaga mana ƙafa, safe ruwa yamma ruwa, amma mun saba.

Yau labarin wani ɗan ƙauye nake so in ba ku, sunansa Beddgelert. In aka ce Birtaniya yawancinmu Landan ce ke faɗo mana a rai, ko Manchester saboda ƙwallo, alhali akwai wata ƙasa a yammacin Ingila mai tutarta da harshenta da tarihinta, inda tumaki sun ninka mutane kusan sau uku. Beddgelert yana gundumar Gwynedd, can cikin duwatsun Eryri, daidai inda koguna biyu suka haɗu, Glaslyn da Colwyn. Mutanensa ba su kai 500 ba a ƙidayar 2011. Gidajen dutse ne baƙaƙe-baƙaƙe, da wata tsohuwar gada mai baka biyu a tsakiyar gari wadda mota biyu ba sa iya wucewa tare sai ɗaya ta jira, ga dutsen Moel Hebog tsaye a kansa, ga kuma Yr Wyddfa can arewa, dutse mafi tsawo a duk Wales, mita 1,085.

To abin da ke kawo mutane dai kabarin kare ne. Na san wani zai ce kai malam kare kuma? Ku dai saurara.

Wai a ƙarni na 13 akwai sarki Llywelyn, wanda suke kira Llywelyn Babba, shi kam mutum ne na gaske a tarihi, ya mulki Gwynedd ya rasu a 1240, matarsa ma 'yar Sarki John na Ingila ce. Yana da karen farauta mai suna Gelert da yake ji da shi. Ran nan ya fita farauta karen bai bi shi ba, da ya dawo sai ga Gelert ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya baki duk jini. Sarki ya faɗa ɗaki ya tarar gadon jaririnsa a kife, tsummoki a yayyage ko'ina jini, babu yaro. Bai tsaya wata-wata ba ya zare takobi ya soke karen. Ƙarar da karen ya yi ta ƙarshe ita ta tashi jaririn, sai ga kuka daga ƙarƙashin gado, yaro lafiya lau ko ƙwarzane babu, a gefensa ga gawar wani ƙaton kyarkeci da Gelert ya kashe. Suka ce sarki ya binne karen da hannunsa, kuma tun daga ranar ba a sake ganin murmushinsa ba.

Kabarin yana nan a wani fili a bakin kogin Glaslyn, tafiyar 'yan mintoci daga gada, ƙarƙashin bishiya, an kewaye shi da ƙarfe, da allunan dutse guda biyu, ɗaya da harshen Wales ɗaya da Turanci. Gaba kaɗan cikin wani kangon gini akwai mutum-mutumin karen na tagulla, yara sun shafe masa kai har yana ƙyalli. Na ga dattijuwa ta karanta allon nan ta share hawaye, kuma ni ma gaskiya labarin ya taɓa ni, don abin da ke cikinsa ba maganar kare ba ce kawai, duk wanda ya taɓa yanke hukunci cikin fushi ya san zafin nan.

Sai dai fa babu kare a cikin kabarin. Wannan ba sirri ba ne, su kansu mutanen garin za su gaya maka. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 wani mutum David Pritchard, wanda ya riƙe otal ɗin Goat a ƙauyen, shi ya tara duwatsun nan ya jingina musu labarin don matafiya su riƙa tsayawa suna kwana. A 1800 wani mawaƙin Ingila ya mayar da labarin waƙa, shi kenan abu ya bazu. Sunan garin ma, da ake cewa ma'anarsa kabarin Gelert, masana sun fi karkata ga cewa daga wani mai wa'azin Kirista ne na zamanin da, Celert, wanda ya zauna a wurin tun kafin a haifi Llywelyn da ɗaruruwan shekaru. Shi kuwa labarin kansa ya fi Wales tsufa, asalinsa daga Indiya aka san shi, kuma waɗanda suka karanta Kalila wa Dimna a zaure za su tuna mai ibadan nan da ya bar jaririnsa da wata 'yar dabba mai kama da tunku, ta kashe maciji, ya dawo ya ga jini a bakinta ya kashe ta. Shi ne dai, kawai nan an sa masa kare da kyarkeci da sarki.

Ni ban ga laifin Pritchard sosai ba. Ƙasar nan duwatsu ce, ba ta noman hatsi, in ka cire kiwon tumaki sai haƙar ma'adinai, ita ma ta mutu. Mahaƙar tagulla ta Sygun da ke bayan gari an rufe ta a 1903, sai a 1986 aka sake buɗe ta don masu yawon buɗe ido su shiga ramukan da hular kwano su ga yadda mutane suka sha wuya a cikin duhu da sanyi. Da babu labarin karen nan da wuya ƙauyen ya kai yau da mutane a cikinsa. Fiye da shekara 200 ke nan tulin duwatsu yana ciyar da masu otal da masu shayi da masu shaguna.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa wani tudu ne da yawancin baƙi ke wucewa a mota ba su ko kalle shi ba, Dinas Emrys, kamar mil ɗaya da wani abu daga gari a hanyar tafkin Llyn Dinas. A nan labarin jan dodon da ke jikin tutar Wales ya samo asali. An ce a ƙarni na 5 wani sarki Gwrtheyrn ya gudo daga mayaƙan Saxon, kakannin Ingilishi, ya zo zai gina ganuwa a kan tudun. Duk abin da magina suka ɗora da rana, kafin gari ya waye ya rushe. Bokayensa suka ce sai an samo yaron da ba shi da uba an yanka an zuba jininsa a harsashin ginin. Aka samo yaro, sunansa Emrys, yaron ya dubi bokayen ya ce ku gaya wa sarki me ke ƙarƙashin ƙasar nan in kun sani. Suka yi shiru. Ya ce ku haƙa za ku tarar da tafki, a cikinsa dodanni biyu, ja da fari, faɗansu ne ke girgiza ginin. Aka haƙa aka tarar haka, dodannin suka kacame, farin ya yi kamar zai ci nasara, daga ƙarshe jan ya kore shi. Yaron ya ce jan mu ne, farin kuwa baƙin da suka zo cin ƙasarmu.

An rubuta wannan tun ƙarni na 9, kuma da masu binciken kufai suka yi tono a kan tudun tsakanin 1954 da 1956 sai ga shi sun tarar da gurbin tafki da gaske, da ɓaraguzan tukwane da aka kawo daga yankin Bahar Rum tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, wato dai wani babba ya taɓa zama a wurin. Dodo kam babu, amma tudun da tafkin da ganuwar duk suna nan. Yadda Bahaushe ke tsayawa a bakin rijiyar Kusugu ya ji wani abu a ransa ko da bai gaskata macijin ba, haka na ga mutumin Wales ke tsayawa a nan. Mutanen da Sarki Edward na ɗaya ya ci ƙasarsu da yaƙi a 1283, ya kafa musu katafaren gidan yaƙi a Caernarfon, aka yi ɗaruruwan shekaru ana matse harshensu har ana dukan yara a makaranta in sun yi shi, su ne suka riƙe labarin jan dodon nan har ya zama tutarsu a hukumance a 1959. Hanyar hawa tana tashi daga Craflwyn ta cikin daji, akwai santsi in an yi ruwa, kuma kusan kullum an yi.

Sauran abubuwan gani ba su da yawa amma suna da daɗi. Cocin St Mary ragowar gidan masu zuhudu ne na ƙarni na 13 da aka rufe zamanin Henry na takwas, dogayen tagoginsa uku na gabas tun na wancan lokacin ne. Kudu da gari kogin Glaslyn yana matsewa cikin kwazazzabon Aberglaslyn, kuma wai a da jiragen ruwa har bakin gadar wurin suke zuwa in teku ta cika, sai da wani mutum William Madocks ya gina wani dogon shinge a Porthmadog a 1811 ya tare tekun, inda ruwa yake ya zama makiyaya. Akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai hayaƙi da ke bi ta ƙauyen tsakanin Caernarfon da Porthmadog, an farfaɗo da layin ya dawo Beddgelert a 2009. A jikin dutsen Moel yr Ogof akwai kogon da suke cewa Owain Glyndŵr, jagoran mutanen Wales, ya ɓuya a ciki lokacin da sojojin Ingila ke nemansa bayan tawayen da ya fara a 1400. Kai har dutse ya taɓa faɗo musu daga sama, a watan Satumban 1949 ya huda rufin otal ɗin Prince Llewelyn cikin dare, Allah ya kiyaye bai sami kowa ba.

Amma akwai abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, kuma shi ya sa nake jin ƙauyen nan a raina. Baƙin da labarin kare ya janyo, wasunsu ba su tsaya a kwana biyu ba, sai suka fara sayen gidajen suna rufewa, su zo hutun bazara su koma. Kuɗin gida ya tashi, yaron da aka haifa a garin, wanda ya tashi da harshen Wales a bakinsa, ba ya iya sayen gida a unguwar kakansa sai ya tafi wani wuri. In ka zo lokacin sanyi za ka ga layi guda tagogi duk duhu. A Gwynedd har yanzu kusan kashi 64 cikin 100 suna jin harshen bisa ƙidayar 2021, babu gundumar da ta kai ta, to amma harshe ai ba ya zama a gidan da babu kowa. Shi ya sa daga Afrilun 2023 majalisar gundumar ta ɗora ƙarin kashi 150 cikin 100 na harajin gida a kan irin waɗannan gidaje na biyu, kuma a 2022 hukumar gandun duwatsun ta yanke cewa sunayen Eryri da Yr Wyddfa za ta riƙa amfani da su ko a takardun Turanci, maimakon Snowdonia da Snowdon da Turawan Ingila ke kiransu. Masu otal wasu na ƙorafi wai za a kori baƙi, manoma da iyayen yara na cewa an ma makara. Ni dai ina bayan matakin, duk da na san haraji kaɗai ba zai dawo da wanda ya riga ya tafi ba, sai an gina gidajen da 'yan gari za su iya biya.

Duk wanda Allah ya kawo shi Bangor ko Liverpool karatu ko aiki, akwai bas daga Caernarfon da Porthmadog, a taho da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, kuma a yi guzurin abinci don halal sai an koma manyan garuruwa. A gaida mutan gida, a sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Wales