Shida sau uku a jere

Ranar Asabar muna buga ludo a tsakar gida, ƙanena ya kaɗa dayis ya jefa, shida ta fito. Ya sake, shida. Karo na uku ma shida. Na ce masa, "Kai, ajiye gwangwanin nan mu gani." Ya rantse da girman Allah bai yi komai ba.

Ni da nake koyar da ilimin ƙididdiga, kafin ya gama rantsuwa na gama lissafi. In dayis ɗin lafiyayye ne, shida sau uku a jere tana zuwa sau 1 ne cikin 216, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. Haka 'yan maimaici ke tunani, waɗanda a wajensu yiwuwa ita ce yawan faruwar abu in an yi ta maimaita shi ba iyaka. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ya yaɗa ma'aunin 0.05 a littafinsa na 1925, wato kashi 5 cikin 100: in yiwuwar abu ta gaza haka, sai a yi shakkar cewa sa'a ce kawai. Lissafina ya faɗo ƙasa da 0.05 nesa ba kusa ba, don haka a wannan mazhabar sai in yi watsi da zaton cewa wasan tsakani da Allah aka yi shi.

Sai dai fa ba tambayata ke nan ba. Lambar nan tana gaya mini yadda abin ke da wuyar faruwa in babu maguɗi. Ni kuwa so nake in san ko yaron nan ya cuce ni. Ɗalibaina kullum suna cakuɗa biyun a kundinsu, ni kuma ina bi da jan biro ina kashewa, alhali tambayar da ke ransu ita ce ta mai hankali.

Thomas Bayes, limamin coci a Ingila, ya rasu a 1761, abokinsa Richard Price ya fitar da rubutunsa a 1763, daga baya Laplace ya faɗaɗa hanyar a Faransa. Mabiya Bayes cewa suke ka fara da abin da ka sani tun farko, sabuwar shaida ta zo ta ɗaga shi ko ta sauke shi. To me na sani? Na san ƙanena tun yana rarrafe, na kuma taɓa kama shi yana tura ɗan wasansa gida biyu da ɗan yatsa. Da a ce Inna ce ta jefa shida sau uku, da na ce mata, "Inna, yau kin tashi da sa'a," shi ke nan. Jifa ɗaya, lamba ɗaya, hukunci daban.

Nan kuma 'yan maimaici ke kama su, kuma suna da gaskiya: wa ya ba ka wannan zato na farko? Idan haushin yaron nake ji fa? Duk da haka na fi karkata wajen Bayes, don shi yana tilasta mini in rubuta zatona a fili kowa ya gani ya yi gardama da shi.

Daga baya na ɗauki dayis ɗin na jefa sau 60 ni kaɗai a kan tabarma. Shida ta fito sau 11, ana sa ran kamar 10. Dayis dai ya kuɓuta. Ƙanena kuwa yanzu sai ya naɗe hannun riga kafin ya taɓa gwangwani.