Ranar da na fara ƙirge ce ta kayar da ni

Wata huɗu na yi ina shaƙar ƙurar tsofaffin fayiloli a wani asibitin koyarwa, ina tsamo bayanan matan da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Tambayata guda ce: waɗanda aka ɗora a kan bita-buloka, wato maganin da ke rage saurin bugun zuciya, sun fi sauran tsira?

Na san ba ƙuri'a aka jefa wajen raba maganin ba, don haka na ɗauko dabarar da masana ƙididdiga Rosenbaum da Rubin suka fito da ita a 1983. Kowace mace na lissafa mata makin yiwuwar a ba ta maganin, bisa shekarunta da hawan jininta da ƙarfin bugun zuciyarta, sannan na haɗa ta da takwararta mai maki kusa da nata da ba a ba wa ba. Sakamako ya fito kamar an yi sihiri. Har na fara hango sunana a mujalla.

Malamina ko gilashi bai cire ba ya ce, "Daga wace rana ka fara ƙirga kwanakinsu?"

Na ce, "Ranar kwantarwa, ranka ya daɗe."

"To ita wadda ta rasu a kwana na uku, wane rukuni ka sa ta?"

Gumi ya karyo mini. Ai ba a fara bita-buloka sai ruwa ya janye daga huhu, mai jego ta farfaɗo. Duk wadda ta cika kafin nan, kai tsaye na jefa ta cikin waɗanda ba su sha ba. Su kuwa masu sha na ba su kyautar kwanakin da ba yadda za a yi su mutu a ciki, na jingina wa magani. Abin haushin, tun 1972 wani mai bincike, Mitchell Gail, ya tono irin wannan kuskure a binciken dashen zuciya a Amurka. Na ma taɓa karantawa!

Na koma tsarin Cox, wata dabarar ƙididdiga ta auna tsira bisa lokaci, kowace mace tana cikin marasa sha har ranar da ta haɗiyi ƙwayar farko. Ratar da nake taƙama da ita ta tsuke ƙwarai. Wata huɗu ina daidaita shekaru da hawan jini, ban ba ranar farawa ko minti biyar ba.

Yanzu duk ƙanen da ya kawo mini aikinsa, kafin ya kunna kwamfuta sai ya rubuta mini ranar fara ƙirge a takarda. Abin da har yau ke cina kuma, fayil ba ya faɗin wadda mijinta ya iya sayen maganin da wadda takardar maganin ta ruɓe a jakarta, kuma makin da na lissafa bai san da wannan ba.