Darɓa, takardar tuhuma, da shekarun da na yi a cikin lemu

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin sito da babur ɗin ofis, bayan shekara 22 ina aikin malamin gona. Yaran da aka ɗauka bana sun matsa in rubuta musu wani abu kafin in tafi. Ba zan ɓata muku lokaci kan cike fom da rahoton wata ba, kun fi ni iya waɗannan. Labarin darɓa zan ba ku, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan tsiro, don har yau in na ga tururuwa na hawa da sauka a jikin wake sai gabana ya faɗi.

A shekarata ta shida ne. Muna da gonakin gwaji na wake tare da manoma 14 a wani ƙauye, sai ruwa ya ɗauke kusan mako biyu a ƙarshen Yuli. Kun san halin darɓa in ruwa ya ɗauke. Macen ba ta jiran namiji, ba ta ma tsayawa yin ƙwai, haihuwa take yi kai tsaye, wadda aka haifa yau kuma nan da mako guda ita ma ta soma. Kafin mu ankara tohon wake ya yi baƙi ƙirin, ganye ya nannaɗe, in ka taɓa hannunka ya yi danƙo, danƙon darɓar da tururuwa ke bi.

Dattijon da gonarsa ke bakin hanya ya ja ni gefe, ya juya ganye ɗaya. A tsakiyar darɓar akwai wasu 'yan tsutsotsi baƙaƙe masu ɗigon ruwan goro, siffarsu kamar ɗan kada. 'Ya'yan ƙwaron nan ne mai jan baya da ɗigon baƙi. Ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? Su ne dogaran gonar. Ga hadari kuma yana haɗowa gabas. Ka ba ta kwana uku." Na ce, "Baba, na ji." Kuma na san gaskiyarsa, don an koya mana a makaranta cewa tsutsa ɗaya tana cinye darɓa da yawa a yini, ruwa mai ƙarfi kuma yana kakkaɓe saura.

Sai dai maigidanmu na lokacin yana da baƙi daga hedikwata a ƙarshen mako, yana son su ga gona fes. Da na ce, "Ranka ya daɗe, da mun ɗan jira ruwa," sai ya tambaye ni ko ni ne shugaban shiyya. Ya ce a ɗebi maganin ƙwari saifametirin a sito a feshe duka, a kuma maimaita kafin ranar. Da baki ya faɗa, a tsaye, a jikin motarsa. Ban nemi ya rubuta ba. Na koma ƙauye na goya famfon feshi, na ce wa Baba umarni ne daga sama. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi.

Baƙi suka zo, aka ɗauki hotuna, aka yaba. Ruwa ya sauka washegari, kamar yadda Baba ya faɗa. Cikin Agusta aka sake samun ɗan fari, darɓa masu fiffike suka dawo, suka tarar da gonakinmu babu dogari ko ɗaya, mun kashe su duka. Wannan karon har kunkunniya ta hau ganye saboda danƙon. Gonar wani maƙwabci da ba ya cikin shirinmu, wanda ko kwalba ɗaya bai saya ba, ta ɗan taɓu ta warware abinta. Abin da ya ƙarasa mu kuwa, da wake ya soma fure, lokacin da feshi ke da amfani na gaske saboda ƙwarin fure da tsutsar kwanso, sito ya riga ya zama wayam. Furen ya zube. Wasu cikin manoman ko irin da suka zuba ba su mayar ba.

Takardar tuhuma ta zo da sunana, wai ban auna magani daidai ba. Maigida ya zauna a taron yana kaɗa kai kamar ranar ya fara jin labarin. Ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna. Saboda haka in babba ya ba ku umarnin da ya saɓa wa abin da idonku ya gani a gona, ku ce cikin ladabi a sa muku a takarda. Yawancinsu a nan suke ja da baya.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa a raina darɓa. A gyaɗa ita ke ɗauko kuturta, cutar da a 1975 ta lalata kusan hekta 700,000 a Arewa, tana cikin abin da ya kwantar da dalar gyaɗar Kano. Amma can ma maganin ba a kwalba ya fi yawa ba: shuka da wuri, shuka a matse don ganye ya rufe ƙasa, da iri mai juriya kamar SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru.

Hukuncina shi ne aka tura ni sashen adana amfanin gona, inda ake kai wanda aka gaji da shi. A can na faɗa cikin lemu, kuma masu sana'ar a 'Yan Lemo ta Kano suka koya mini fiye da abin da na koya musu. Lemun da ke tasowa daga Binuwai a zube cikin mota, ruɓarsa tun a gindin bishiya take farawa. Koren hunhunan nan ta rauni yake shiga, don haka wanda aka kaɗo da sanda ya faɗo ƙasa ya riga ya mutu, jiran ranar kawai yake. A tsinke da hannu ko almakashi, a rage guntun karan da ke kan lemun gajere don kada ya soki na kusa. Kada a tsinka da raɓa a jiki, ɓawon yakan yi tabo. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Wanda koren hunhuna ya kama a ɗauke shi a hankali a kai nesa, ƙurar da ke tashi daga jikinsa ita ce irin cutar. Da hunturu kuma bushewa ce matsalar, ɓawo ya yamutse, mai saye ya taya da wulaƙanci. Buhun algarara da aka ɗan jiƙa aka rufa sama yana taimakawa, in dai ba a bari ruwa ya kwanta kan lemun ba. Ban taɓa samun takardar yabo a kan wannan ba, amma akwai rumfunan da har yanzu ba na biyan kuɗin lemu.

Bara na haɗu da tsohon maigidan a wani taron bita, yana kan mumbari yana jan kunnen matasa kada su kashe ƙwari masu amfani. An tafa masa sosai. Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina, na gan ta shekaranjiya da na je sa hannu. Baba kuwa ya rasu ban koma na ba shi haƙuri ba. Gilashin duba ƙwari na bar shi a aljihun teburi na hagu, duk wanda ya gaji kujerar ya ɗauka.