Lamba 4 da ta ci mana fistin

Ranar Asabar na kwashe sifanonina daga rumfar Maigida, bayan shekara uku ina taya shi harhaɗa ɗan jirgin samansa mai kujera biyu. Waɗanda suka saba leƙo mu a bayan gidan sun san jirgin, sun kuma san injin: na tsohuwar Boswaja ne, mai silinda huɗu, wanda iska ke sanyaya shi, aka sake masa aiki don ya juya farfela. Da yawa sun tambaye ni abin da ya raba mu. Fulogi ne.

Da farko maganeto muke amfani da shi, wato na'urar da injin ke juyawa ta ba fulogi wuta ba tare da batir ba. Daga baya Maigida ya yi odar na'urar kunna wuta ta lantarki, mai kwayil da ɗan akwatin da ke lissafa lokacin tartsatsi. Wutarta ta fi ta maganeto ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake buɗa bakin fulogi ya kai wajen milimita 0.8, alhali na maganeto bai cika wuce 0.5 ba. Sai kan injin ya riƙa zafi fiye da da. Ga watan Afrilu, kowa ya san Sakkwato a lokacin, zafi ya haura digiri 40 tun kafin azahar. Muka yanke shawarar sa fulogi mai sanyi.

Fulogi mai sanyi shi ne wanda hancin tangaran ɗinsa gajere ne, yana saurin miƙa zafinsa ga kan inji. Mai zafi kuwa hancinsa dogo ne, yana riƙe zafi don ya ƙone baƙin da ke taruwa a kansa. Motar da ke rarrafe a cunkoson kasuwa tana son mai ɗan zafi. Injin jirgi ba haka yake ba: wuta yake sha har ƙarshe wajen tashi, sannan ya zauna a kashi 65 zuwa 75 na ƙarfinsa ba hutawa. In hancin fulogi ya wuce digiri 800 da wani abu, sai ya zama garwashi, ya kunna mai tun tartsatsi bai zo ba.

Muna da fulogin kamfanin NGK mai lamba 6 a kai, lambar ce ke nuna zafinsa ko sanyinsa. Maigida ya ce in je in sayo mai lamba 4. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ga a NGK in lamba ta yi ƙasa zafi ke ƙaruwa, 7 ko 8 ya kamata." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike ɗaura hulogi ga jirgi. Tahi ka yi abin da nac ce."

Ba ƙarya ya yi ba, ya yi aiki a kan injunan Lycoming, irin wanda aka sa wa Air Beetle da aka harhaɗa wa sojan sama a Kaduna. Sai dai fulogin da hannunsa ya saba da shi Champion ne mai kaurin milimita 18, kuma a Champion ƙaramar lamba ita ce mai sanyi: REM38E ya fi REM40E sanyi. NGK ta juya nata lissafin. Na san wannan sarai, takardar kamfanin ma tana cikin wayata. Amma ga baƙi biyu zaune suna shan shayi, na ji nauyin in ƙure dattijo a gabansu. Na hau babur na sayo.

Mun ɗaure wutsiyar jirgin a jikin dogon yaro, muka ba shi wuta. Minti na farko lafiya lau. Bai cika minti huɗu ba ƙarar ta sauya, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya feso. Da muka kwance, fistin silinda ta uku ya huje, ɗan yatsana na shiga. Alhamdu lillahi a ƙasa abin ya faru, ba kowa a sama.

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo ne da yamma. Ina wanke hannu na ji yana gaya wa ƙanensa wai yaron nan ne ya kwaso jabun fulogi a kasuwa don ya ci canji. Kwalin na nan, rasit na nan. Ya cire kuɗin fistin da zobba daga ɗan abin da yake ba ni, wata biyu. Ban ce uffan ba, mahaifina ya ce babba ba ya laifi. To.

Sauran abubuwan da na tsinta ba su da yawa. A nemi mai harafin R, kamar BR8HS, don wanda ba shi da shi yana cika rediyo da ƙara, har akwatin wutar yana iya rikitawa. Harafin H na nufin tsawon haƙorin da ake murɗawa cikin kan inji milimita 12.7 ne, E kuma 19. Ka ɗaura E inda H ya dace, fistin zai gaya maka. Fulogi mai hular da ake murɗawa, girgiza na kwance ta, a sayi mai dunƙulallen kai. Kada a ɗaure fulogi a kan inji mai zafi, alminiyon ne, haƙorin zai biyo ka. In babba ya ba ka umarnin da ka san kuskure ne, ka jira baƙi su tashi ka nuna masa takarda, ko da zai ce ka raina shi.

Bayan gyara ni na zaɓi mai lamba 8, na gwada bakinsa da fila geji, ƙarfen auna tazara, ban tambayi kowa ba. Injin ya yi awa goma sha ɗaya a ɗaure, hancin fulogin ya fito ruwan ƙasa mai haske. Makon jiya na ji Maigida yana yi wa wani ɗalibi bayani cewa a NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, wai abin da kowane yaro ya kamata ya sani.

Hujajjen fistin yana cikin jakata. Ai ni na biya kuɗinsa.