Ingiricin cincila ba harawar rago ba ne

Sana'armu a Katsina sayar da abincin ƙananan dabbobin gida ce, zomaye da ire-irensu, yanzu kuma har da masu neman ciyawar cincila. Dabba ce mai laushin gashi, asalinta tsaunukan Andis na ƙasar Chile, inda ciyawa ke da tauri da ƙarancin maiƙo. Cikinta da haƙoranta a kan wannan aka gina su.

Kusan duk mai saye, harawa yake fara tambaya, don ita ya sani. Harawar wake da ta gyaɗa suna gina rago, amma ga babbar cincila sun yi nauyi: furotin da kalsiyam (sinadarin gina ƙashi) sun yi yawa, irin na alfalfa, wata harawar ƙasashen waje, kuma yawan kalsiyam na jawo tsakuwa a mafitsara. Sai ga 'ya'ya masu tasowa da mai ciki ko mai shayarwa muke yarda a ba ɗan kaɗan daga ta wake. Ta gyaɗa ma ba ma so ko kaɗan, saboda funfunar da ke maƙale a ragowar kwanso.

Abin da ake so ingirici ne mai dogon kara. Haƙoran cincila 20 ne, dukkansu ba sa daina tsiro, tauna ce kawai ke rage su. In ciyawa ta yi gari ko an daddatse ta, turamen sai su yi tsini su yanki harshe, ka ga haɓa a jiƙe da yawu, abinci na zubowa daga baki. Timoti, wani ingirici da ake shigowa da shi daga waje, shi ne ma'auni, sai dai tsada. A namu na gida mun fi zaɓar harkiya da burburwa, waɗanda aka yanka ƙarshen damina kafin su zubar da iri, aka shanya a inuwa har karan ya riƙa karyewa.

Kowane dami sai mun kwance shi. Mu duba launi, kore-kore ake so, ba fari fat ko baƙi ba. Mu shinshina tsakiyarsa, in akwai warin ruɓa ko ɗumi a hannu, damin duka ya tashi aiki. Sannan a tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya fi cin lokaci, don ƙayarta na soke dasashi ta kuma cukurkuɗe gashi. Ciyawar bakin titi ko ta gonar da aka yi wa feshi ba ma karɓa.

Ajiya a kan katako, nesa da ƙasa, cikin kwali ko buhun algarara, ba leda ba. Da hunturu a rufe saboda ƙura.

Ingirici kada ya yanke a keji dare da rana, a zubar da na jiya. Abincin kwali kuwa, wato curarren abincin kamfani, babban cokali 1 zuwa 2 ya isa a yini. In za a sauya ciyawa, a gauraya sabuwa da tsohuwa har kwana 7 zuwa 10. In kashin da cincila ke yi ya ƙanƙance ko ta yini ba ta ci ba, a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.